Lemon zaki na bushewa da 'ya'ya a jiki: bairos ne ko ruɓewar saiwa?

Mai Garka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina da lemon zaki mai aure wanda ya daɗe yana ba da 'ya'ya lafiya lau. Bana wasu itatuwan sun fara kwantar da ganye, ganyen ya dusashe ya koma ruwan ɗorawa, sai ya zube. Abin mamaki, waɗanda suka fi jin jiki su ne suka fi yin fure da ƙananan 'ya'ya birjik. Biyu sun bushe ƙurmus cikin 'yan makonni, 'ya'yan na nan rataye a reshe. Ba su rasa ruwa ba, ba su rasa taki ba. Wani ya ce min bairos ne, wani ya ce saiwa ce ta ruɓe. Yaya ake bambancewa?

Ɗan Rani: Wa alaikumus salam. Ka samu maganin ƙwari mai ƙarfi ka haɗa da takin ganye ka yi musu feshi. In sha Allahu za su farfaɗo.

Malamin Gona: Ɗan Rani, a dakata da feshin tukuna, ba a san abin da ake fesa wa ba. Mai Garka, tambaya ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci a nan: a kan wane gindi aka aurar da lemon naka? Lemo mai ɗaci ne, ko wani iri?

Mai Garka: Wanda ya sayar min da dashen ya ce a kan lemo mai ɗaci ne, wai ya fi jure ruɓewar gindi.

Baba Manomi: Yaro, kar ka bari a ruɗa ka da manyan sunaye. Je ka gindin itacen ka tone ƙasa kaɗan. In ka ga ɓawo ya yi duhu, ya jiƙe, yana fitar da ƙaro, to ciwon gindi ne, wanda yawan ruwa da tara ƙasa a jikin itace ke kawowa. Tun kafin a haifi wasunku nake ganinsa. Cikin itace goma da suka mutu irin wannan mutuwar, mafi yawa shi ne.

Malamin Gona: Baba, Allah ya ƙara girma, a fara duba abin da ka faɗa, don shi ya fi sauƙin gani. Sai dai lemo mai ɗaci yana da juriya sosai ga wannan ciwon, shi ya sa ma duniya ta rungume shi a ƙarni na 19 bayan ciwon gindi ya yi ɓarna a gonakin lemo. Rauninsa a wani wajen yake. Lemon zaki, tanjarin ko garehul da aka aurar a kansa, in bairos ɗin da ake kira tiristeza ya shiga, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa tana mutuwa daidai wurin auren. An shaƙe itacen a wuya ke nan. Saiwa ta cinye ajiyarta ta mutu da yunwa, sama kuma ta rasa ruwa ta bushe. Yawan furen da Mai Garka ya gani ma daga nan yake: abinci ya taru a sama ya kasa sauka.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Daga shekarun 1930 ta share gonakin Ajantina da Barazil, ta bayyana a Kalifoniya a 1939, ta afka wa yankin Balensiya na Sifen daga 1957. Itatuwan da ta kashe ko ta lalata a duniya sun kusan miliyan 100, kuma kusan duka a kan wannan gindin suke.

Ga abin da za ka yi da wuƙa kawai. Yanke ɗan ɓawo mai tsawon yatsa wanda ya ratsa wurin auren, rabi sama rabi ƙasa, ka ɓare shi. Dubi cikin ɓawon a ɓangaren gindi. In akwai ƙananan huji masu yawa kamar na allura, a jikin itacen kuma akwai 'yan tsinaye da suka dace da hujin, alama ce mai ƙarfi. A itacen da ya mutu da sauri wani lokaci hujin bai samu damar fitowa ba, sai dai wani layi mai launin ƙasa-ƙasa daidai mahaɗar.

Ɗalibi: Malam, na karanta ana gwadawa da aidin. Gaskiya ne?

Malamin Gona: Ana yi. Ka yanki saiwa mai kaurin fensir ka ɗiga mata aidin. Mai lafiya tana da sitaci, za ta yi baƙi-shuɗi. Wadda aka yanke wa abinci ba za ta canja sosai ba. Amma ka lura da abin da gwajin ke faɗa: saiwa na jin yunwa. Bai faɗi wanda ya hana ta ci ba. Waya da aka manta a ɗaure a gindi, ɓera ko gara da suka zagaye ɓawo, ciwon gindin da Baba ya ambata, duk za su ba da amsa iri ɗaya.

Uwar Lambu: Ni fa da na ji ganye ya yi ruwan ɗorawa sai hankalina ya tafi kan ciwon lemon nan da ake kira girinin. Ba shi ba ne kuwa? Shi ma ai bairos ne.

'Yar Lab: Hajiya, ba bairos ba ne, kodayake an daɗe ana zaton haka. Sai a 1970 masu bincike a Faransa suka hango ƙwayar bakteriya a cikin jijiyar ganyen da ya kamu. Wasu 'yan ƙwari masu tsalle ne ke yaɗa ta, iri ɗaya na Asiya, ɗaya na Afirka wanda ke barin ƙananan ƙuraje a jikin ganye. Cutar ta shiga Barazil a 2004, Fulorida a 2005.

Kamanninsa daban ne da abin da Mai Garka ya bayyana. Girinin yakan fara da reshe ɗaya ko gefe ɗaya, kuma ba ya kashe babban itace cikin makonni. Ganyen yana yin dabbare-dabbare, kore da rawaya a cakuɗe ba iyaka, kuma hagu da dama na jijiyar tsakiya ba sa kama da juna. Ɗauki biro ki zana da'ira biyu, ɗaya a kowane gefen jijiyar, daura da juna. In abin da ke cikinsu ya yi daidai, ki fi zargin ƙarancin zinki ko wani sinadarin ƙasa. In ya saɓa, zargi ya koma kan girinin. 'Ya'yan kuma su karkace gefe ɗaya, ƙasansu ya ƙi nuna, in kin yanka ki tarar da iri ƙanana baƙaƙe da suka mutu.

Uwar Lambu: Na gode 'yata. Wannan dabarar biron ban taɓa jin ta ba.

Baba Manomi: To kun gani. Wuƙa, aidin, biro. Duk ido ne ke aiki. Ina amfanin ɗakin gwajin da ake ta kuranta mana?

'Yar Lab: Baba, ranka ya daɗe, ido yana ganin itacen da ya riga ya faɗi ne. Matsalar tana ga wanda ke tsaye. Lemon zakin nan da ke mutuwa a kan lemo mai ɗaci, in a kan gindi mai juriya yake, irin Bolkameriyana ko Kiliyofatara ko Rangfur, zai iya ɗauke da bairos ɗin shekara da shekaru, kore shar, yana 'ya'ya. Mai aure ya zo ya ce ga itace mai kyau, ya yanki idon toho ɗari daga jikinsa. Dashe ɗari sun kamu tun ba su bar leda ba. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, tana kai cutar daga itace zuwa itace, amma mutum ne ke ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa a cikin reshe.

Akwai wadda ta fi wannan ɓoyewa. Bairos ɗin da ake kira sorosis ba ya fara ɓare ɓawon lemon zaki ko garehul sai itacen ya kai shekara 10 ko fiye. Kafin nan sai dai wasu ɗigo-ɗigo marasa ƙarfi a sabon toho, su ma su ɓace da ganyen ya ƙosa. Saboda shi Kalifoniya ta fara tsarin tantance uwayen itatuwan da ake yankar ido a 1937, bayan masanin cututtukan lemo Fawcett ya nuna cewa ta aure yake yaɗuwa. Wane ido ne zai ga abin da sai nan da shekara 10 zai fito?

Baba Manomi: Hmm. Wannan na sorosis na yarda. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa ya fara tona gindi.

Mai Garka: Na tona, Baba. Ɓawon gindin a bushe yake, ba ƙaro, ba wari. Ƙananan saiwoyin ne suka mutu, in ka ja sai fatar ta sulluɓe. Na ɓare ɓawo a wurin auren wani da bai gama mutuwa ba, akwai hujin da Malam ya faɗa a ɓangaren ƙasa. Ga hoton.

Malamin Gona: Hoton bai fito sosai ba, amma da bayaninka da irin gindin, tiristeza ce a sahun gaba.

Mai Shakka: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu ɗauka an kai ganye an gwada an ce akwai tiristeza. Sai me? Ba ta da magani. Kuma a duk inda baƙar darɓar lemo take, kusan kowane itace yana ɗauke da bairos ɗin. In ka gwada mai lafiya za a ce akwai, ka gwada mai mutuwa a ce akwai. To me takardar ta ƙara maka? Ni a ganina asarar kuɗi ce, a sare a sake dasawa kawai.

'Yar Lab: Rabin maganarka gaskiya ce, kuma mu masu gwaji ba mu cika faɗa wa manomi ita ba. "Akwai bairos" ba daidai yake da "bairos ne ya kashe shi" ba. A inda cutar ta zama gama-gari, sakamakon gwajin da muke kira ELISA shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da irin gindi da abin da aka gani a wurin aure. Ga Mai Garka, wuƙarsa ta riga ta faɗi fiye da abin da takardata za ta faɗa.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa ba shi da amfani. Tiristeza ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai laushi da ba ta komai, akwai mai kashe itace a kan lemo mai ɗaci, akwai kuma mai rarake jikin itace ko a kan wane gindi yake. Ta ukun nan canja gindi ba ya tsare ka daga gare ta. Ka ɓare ɓawon ƙaramin reshe ka ga dogayen ramuka a jikin itacen, reshe ya zama mai saurin karyewa, 'ya'ya su ƙanƙance. Lemon tsami da garehul sun fi shan wahalarta. Ita ce ta addabi lemon tsami a Gana a shekarun 1940. In wannan ce a gonarka, shawarar abin da za ka sake dasawa ta canja gaba ɗaya. Barazil da Afirka ta Kudu sun zauna da ita ne ta hanyar sa wa dashe iri mai laushi da gangan, don ya tare wa mai tsanani hanya. Ba a yin haka sai an san wane iri ke wurin.

Sannan in gwaji ya ce babu, ai ka tsira daga sare gona a kan zato.

Mai Shakka: In ya ce babu, tabbas babu ne?

'Yar Lab: A'a, kuma nan ne ɗaukar samfur ke da muhimmanci. Bairos ɗin ba ya bazuwa daidai a jikin itace, kuma yawansa yana raguwa sosai lokacin tsananin zafi. In ka tsinko tsohon ganye ɗaya da rana tsaka a lokacin zafi, za ka iya samun "babu" na ƙarya. A ɗauka lokacin da itace ke sabon toho kuma yanayi ya yi sanyi-sanyi. A zagaya itacen a yanko daga kusurwa huɗu, ƙananan rassa da ganyensu. Abin da muke so shi ne maƙallin ganye, jijiyar tsakiya da ɓawon sabon reshe, don a nan ƙwayar take zaune. A sa a leda ba tare da ruwa ba, a rubuta lambar itace, a ajiye a sanyi, kar a daskarar sai in ɗakin gwajin ya ce a yi. Kada a kawo na itacen da ya riga ya bushe, a kawo na wanda ya fara.

ELISA ta shigo aikin tiristeza tun 1979, tana da sauri, ana iya gwada itatuwa da yawa. Akwai ma salon da ake yanka reshe a danna bakinsa a kan wata takarda ta musamman tun a gona, takardar kawai ake aikawa. PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar, ta fi ta gani, ita ake bi in ana son sanin iri, ita ce kuma ta girinin.

Ɗalibi: Anti, wanda ba shi da ɗakin gwaji kusa fa?

Malamin Gona: Bari in amsa wannan, don tsohuwar hanya ce kuma har gobe ana aiki da ita. Itace ake sa wa ya yi gwajin. Ka shuka irin lemon tsami ƙanana, wanda ake kira na Meziko. Tiristeza ba ta bin iri, don haka tsiron zai fito da tsabta, muddin ka rufe shi da raga mai ƙananan ido kada darɓa ta taɓa shi. In ya kai kaurin fensir, ka ɗauko ido ko ɗan ɓawo daga itacen da kake zargi ka aura masa, ka datse kansa don ya yi sabon toho. Ajiye shi a inuwa mai sanyi. Cikin makonni zuwa 'yan watanni, ka ɗaga sabon ganye ka duba shi ta hasken rana. In akwai cutar za ka ga jijiyoyin sun yi haske a gutsure-gutsure, ganyen ya lanƙwashe sama, daga baya ramuka su fito a ƙarƙashin ɓawo.

Sharaɗin da mutane ke tsallakewa: ka bar wasu tsiron ba ka aura musu komai ba, a gefe ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. In ba ka da abin kwatantawa, duk ganyen da ya ɗan murɗe sai ka ce cuta ce.

Kowace cuta da itacen da ke tona mata asiri. Sorosis tsiron lemon zaki ake sa wa, a wuri mai sanyi. Ciwon da ake kira ekzokotis kuwa, wani lemo ake sa wa mai suna sitiron na Etirog, kuma shi zafi yake so, ganyen ya nannaɗe ƙasa.

Mai Reno: Na yi shiru ina karantawa, amma na ga ana neman ɗora komai a kan masu renon dashe. Mu fa abin da manomi ya nema muke ba shi. Kowa ya zo cewa yake a ba shi mai jure ruɓewar gindi. Kuma ni duk uwar da nake yankar ido na san ta, ba ta taɓa ciwo ba. Wuƙata ma ina lasa mata wuta kafin in fara aiki.

'Yar Lab: Alhaji, ba zargi ba ne, amma "ba ta taɓa ciwo ba" ita ce maganar da muke ta yi tun ɗazu. A kan wane gindi uwar take? In mai juriya ne, lafiyarta ba shaida ba ce.

Batun wuƙa kuma, tiristeza ba ta cika bin wuƙa ba, ta aure da darɓa take tafiya. Mai bin wuƙa shi ne ekzokotis, kuma shi ba bairos ba ne ma, bairoyid ne, ɗan guntun ƙwayar halitta (RNA) da bai kai harafi 400 ba, ba shi da rigar furotin. Saboda rashin rigar nan ELISA ba ta ganinsa, sai PCR ko sitiron. An gano haƙiƙaninsa a 1972. Yana da taurin kai: lasar wuta da goga sifirit ba sa kashe shi yadda za a dogara. Ruwan bilic ne ke yi. Irin na wanki, kashi 1 a cikin ruwa kashi 4, a tsoma wuƙa da almakashi tsakanin itace da itace, a ɗauraye a shafa mai don yana cin ƙarfe.

Ga inda ya shafi Mai Garka kai tsaye. In ya gudu daga lemo mai ɗaci ya koma Rangfur, ko lemo mai ganye uku, ko 'ya'yansa irin Tiroya da Karizo, duk suna jure tiristeza amma ekzokotis yana kama su: ɓawon gindi ya tsattsage ya ɓare, itace ya tsugune. Idon da ke ɗauke da shi ba ya nuna komai a kan lemo mai ɗaci. Sai an canja gindi ya fito fili.

Mai Reno: To in uwar ta kamu, shi ke nan an rasa irin? Akwai wani lemon zaki da nake da shi wanda ba na son ya ɓace.

'Yar Lab: Ba a rasa ba. Tun 1975 masu bincike Navarro da Roistacher da Murashige suka fitar da hanyar auren ƙoƙon toho. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake yanko can ƙarshen toho, abin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 10 na milimita ba, inda cutar ba ta kai ba tukuna, a aura shi a kan ɗan tsiro a cikin kwalba. Da ita Sifen ta tsabtace irin lemonta. Ba aikin gida ba ne, na cibiyar bincike ne, kuma ko bayan an yi sai an sake gwada itacen kafin a kira shi uwa, a kuma tsare shi a ɗakin raga.

Ɗan Rani: To ni da na ce a yi feshi, ai darɓar ce ke kawowa. In an kashe ta ba an huta ba?

Malamin Gona: Feshi yana rage darɓa, yana da amfani a wurin reno. A babbar gona ba ya hana cutar, don mai fiffike tana sauka ta tsotsa ta zuba ƙwayar kafin maganin ya kashe ta. Wanda ya riga ya kamu kuwa, ba feshin da zai fitar da bairos daga jikinsa.

Mai Garka, waɗanda suka bushe a tumɓuke su. Waɗanda ba su fara ba ko suka fara kaɗan, akwai dabarar ba su sabuwar ƙafa: ka dasa tsiro 2 ko 3 na gindi mai juriya a kusa da gindin, ka fere kansu ka cusa a ƙarƙashin ɓawo sama da wurin tsohon auren, ka ɗaure. In sun kama, abinci zai bi ta jikinsu ya tsallake inda ya toshe. Ba kowane itace ke tsira ba, kuma wanda saiwarsa ta riga ta tafi ba ya jiran tsiron ya kama.

Uwar Lambu: Malam, ni nawa lemon tsami ne manya, irin masu tsawo, su ma a kan lemo mai ɗaci. In tashi in fara wannan aikin?

Malamin Gona: A'a Hajiya, in irin su Yureka ne ko Lizbon, wannan haɗin ba ya mutuwar shaƙewa ko da bairos ɗin na jiki. Ƙananan masu siririn ɓawo su ne abin dubawa. Ki ɓare reshe ɗaya ko biyu masu kaurin fensir daga kowane itace, ki shafa yatsa a jikin itacen ki ji ko sumul yake ko da ramuka, sai ki turo mana hoto a haske mai kyau.